Audugar da Na Manna wa Binta

Da sunan Allah, wanda ba a yi masa wayo. Bayinsa kuwa kusan duk na gwada su, kuma yawanci na ci.

Ku 'ya'yana da jikokina kun san ni da facin taya a bakin titin Limawa, kun kuma san ni da baki. Karatuna na boko aji biyu ne, na biyun ma rabinsa a kan mangwaron hedimasta na yi shi. Abin da nake rubutu da shi yanzu ragowar yaƙi da jahilci ne, yaƙin da har gobe ba a san wanda ya ci ba tsakanina da shi. Saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, amma maganar ku bar ta yadda take. Ana ta yawo da zance a dangi cewa Rabi, matar ɗana Nasiru, ita ta raba ni da shi, ta kwashe min jikoki ta kai Kafin Hausa ta bar tsoho da ƙadangaru. Ba haka aka yi ba. Na bar zancen yana yawo ne domin ya fi min daɗin ji. Ga yadda aka yi.

Shekarar da Tabawa, kakarku, ta rasu, na dawo ɗakin da ke jikin zaure, na bar wa Nasiru da iyalinsa cikin gida. Shi direba ne a sakatariya, kuma an sa shi cikin inshorar lafiya ta ma'aikata: shi, da matarsa, da 'ya'ya huɗu. An haɗa su da wani asibitin kuɗi a Yalwawa, mai fanka da kujerun roba, inda ake nuna kati a ɗauko fayil. A can aka yi wa yaran huɗu duk alluransu na rigakafi. Ni kuwa babu majalisar da ban kai labarin katin nan ba. In wani ya yi tari a gindin darbejiya sai in ce, “Mu dai gidanmu ba a tari sai da kati.” Sai Allah ya kawo ta biyar, Binta, tsakaninta da yayarta Safiya shekara ɗaya da 'yan watanni. Nasiru ya je a ƙara sunanta, aka ce masa gurbi huɗu ne, ya cika, in yana son ƙari akwai takardun da zai cike da abin da zai biya. Ya ce zai koma. Kafin ya koma aka liƙa shi da wani oga mai yawon ƙananan hukumomi, sai ya yi mako biyu ba mu ga ƙeyarsa ba, in ya dawo kuma barci ne. Binta ta kai wata tara ba a taɓa tsira mata allura ba, banda ɗigon baki da matan nan masu akwati ke bi gida-gida suna yi.

Rabi tana da dalilin tsoron ƙyanda, don ita ta ɗauke mata ƙane a ƙauyensu tana yarinya. Wata safiya ta kawo min koko, ta durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, kanta a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana gidan nan ban san kalar idonta ba, don ba ta taɓa ɗaga shi ta dube ni ba.

“Baba, masu ɗigon baki sun ce wai a kai Binta asibitin sha-ka-tafi, a yi mata allurar ƙyanda. Sun ce kyauta ne.”

“Kyauta ga wa?”

“Sun ce ga kowa.”

“'Yar nan, kowa a bakin gwamnati ba kowa ba ne. Bar min wannan.”

Ina da hujjata, kuma hujjar wawa ta fi ta malami ƙarfi, don shi babu littafin da zai ƙaryata shi. Shekara biyu kafin nan an yi rabon hatsin tallafi a unguwa. Na bi layi tun hantsi, da na iso gaba mai rubutu ya duba ni ya ce, “Ba kai ne uban Nasiru direba ba? Gidan ma'aikaci ba ya ciki.” Ya ja layi a kan sunana a gaban jama'a, aka yi ta dariya, har wani ya ce in je in ci kati. Daga ranar na yanke hukunci ni kaɗai cewa gwamnati ba ta ciyar da gida sau biyu. Tunda sunan Nasiru na cikin kwamfutar inshora, na tabbata in aka kai 'yarsa asibitin talakawa za a kore ta, wataƙila ma a rubuta shi a kai wa ogansa cewa yana cin biyu. Rediyo na faɗin kyauta ne, na ji da kunnena. Sai dai na ɗauka da wasu ake.

To, ga yarinya ba ta cikin na kuɗi, ga shi a ganina ba ta cikin na kyauta. Mai hankali zai je ya tambaya. Ni sai na yi abin da na iya. Na san ledar da Nasiru ke ajiye katunan, na zare na Safiya na sa a aljihu. Safiya 'yar firit ce, Binta kuwa ɓul-ɓul, in ka ajiye su a tabarma sai ka ce tagwaye ne. Na ce a raina, allura ba ta san suna ba. Na gaya wa Rabi ina da mutum a asibitin Yalwawa, na yi masa magana, a shirya min yarinya. Lokacin tana fama da ciwon ƙafa, ga yara, ga girki, sai ta yi ta godiya. Ta yi wa Binta wanka, ta sa mata kwalli da hula mai kunnen zomo, na saɓa ta a kafaɗa na tare adaidaita.

Ni kaɗai ne namiji a kan benci, tsakiyar mata kusan ashirin. Wata ta leƙo ta ce, “Baba, uwargidan ce ta yi yaji?”

“Ai ga amaryar a kafaɗata,” na ce. “Ita ta kore ta.”

Aka yi ta dariya, ni kuwa ina jin kaina kamar wanda ya sayar da tsohuwar taya a kuɗin sabuwa. Aka kira sunan Safiya Nasiru, na miƙe da ƙarfin hali. Malamar asibitin ta buɗe fayil, ta bi shi da biro daga sama har ƙasa, ta sake bi.

“Baba, me ka kawo ta yi?”

“Ta ƙyanda.”

“An yi mata tun bara. Ga shi nan a rubuce. Babu abin da ya rage mata yanzu.”

Wannan kaɗai ne ban lissafa ba. Na tuna fuska, na tuna girma, na manta cewa takarda tana da tunani. Malamar ta dubi Binta, ta ɗaga hannunta ta saki, ta tambaya ko ta fara tafiya, na ce tana dai niyya. Ta haɗe rai ta ce yarinya mai shekara biyu ba ta tafiya, haƙori huɗu kacal, me muke ba ta a gida? Ta zaunar da ni ta yi min karatu a kan ƙwai da wake da zogale, ina gyaɗa kai kamar ɗan makaranta. A lokacin kalma biyar ta ishe ni: wannan ba Safiya ba ce. Ta zo min har maƙogwaro. Sai na hango Nasiru a tsaye gaban ogansa ana karɓe masa makullin mota saboda ubansa ya yi zamba da kati, na haɗiye ta. Na ce wa malamar Allah ya saka, na fito.

A hanya na tsaya wani kemis na sayi auduga da filasta. A cikin zaurena na ɗage hannun rigar Binta, na manna mata a damtsen hagu, inda na ga ana yi wa sauran. Sana'ata ce, na iya manna abu ya zauna. Tana ta yi min dariya tana jan gemuna, sai na ga ai wanda aka yi wa allura ba ya shiga gida da dariya. Na ɗan mintsine ta a cinya. Ta tsala kuka, na yi sallama.

Rabi ta karɓe ta tana lallashi, ta tambayi katin shaida, na ce a fayil suke ajiyewa. Da rana sai ga langa a bakin ƙofata, ɗanwake ne da man gyaɗa da yaji har da dafaffen ƙwai, abin da ta san ba na wasa da shi. Na cinye tas. Na gaya wa kaina bashi ne na ɗan lokaci, da zarar Nasiru ya cike takardun sai in san dabarar da za a sake kai ta. Amma da ya dawo ya ji an yi, sai ya ce, “Baba, ka hutar da ni,” maganar takardu ta mutu a nan. Ni kuma kullum sai in ce gobe.

Da bazara ta kama, zafi ya sauko daga duwatsu, ƙyanda ta shigo unguwa. Binta ta fara da zazzaɓi da mura, idanu suka yi ja, kwana uku ƙuraje suka feso daga bayan kunne. Rabi ba ta tsorata da wuri ba, ta ce ƙurajen zafi ne, ai an yi mata rigakafi. Wannan jinkirin ma nawa ne. Sai da idanun suka manne ba ta iya buɗewa aka kai ta babban asibiti. Ina tsaye a ƙarshen gado likita ya tambaya ko an yi mata allurar ƙyanda.

“An yi,” in ji Rabi. “Kakanta ne ma ya kai ta da kansa.”

Likitan ya juyo ya dube ni. Na gyaɗa kai. Ya ce to, akan samu haka jefi-jefi, ya rubuta abin da zai rubuta.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma hakiya ta zauna mata a idon hagu, fara kamar ɗigon nono, ba ta gani da shi. Akwai karin maganar nan ta gira da ido, kun san ta. Har yau in wani ya fara ta a majalisa sai in tuna ina da aiki.

Abin da ya fi ci na shi ne yarinyar ta tashi ba ta da kowa sai ni. Da ta fara tafiya ɗakina take nufa. Takan karkata kai ta dube ni da idon dama, kamar kaza ta hango tsaba, ta ce, “Tsoho, ina kuɗin cefane?” In ce, “Amarya, kin cika ci, zan mayar da ke gidanku.” Ta ce, “Ai nan ne gidanmu, kai za ka tafi.” Mutane su yi ta dariya suna cewa wannan jika da kaka sai Allah. Ba wanda ya san dalilin da ya sa ba na iya hana ta komai. A cikin gida mai mutum takwas nake, amma tun daga ranar audugar nan ni kaɗai nake kwana da abin da na sani. Da Tabawa na nan da ta gane tun a sallamata, don ita ƙaryata ba ta taɓa wuce mata bakin ƙofa ba.

Rabi kuwa sai ta juya wa allura baya gaba ɗaya. Ba jahilci ba ne, shaida ce a hannunta. In ana zancen rigakafi a gidan suna sai ta jawo Binta ta ɗaga mata haɓa ta ce, “Ga wadda aka yi wa.” Ba ta ƙara komai. Matan maƙwabta biyu, matar Malam Hudu mai allo da matar tela, suka daina kai nasu. Ina ji daga zaure masu akwati na sallama ana ce musu masu gidan ba sa nan.

Shekara uku a haka, sai aka haifi namiji, Nasiru ya mayar masa da sunana. Tunda Rabi ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, sai ake ce masa Abba. Ko ɗigon baki ba ta bari an yi masa ba. Ina kallo yana girma, wata shida, wata bakwai, sanyi na wucewa, zafi na tahowa. Ranar da ya cika wata takwas na rufe wurin faci na nufi sha-ka-tafin unguwa, wanda tafiyarsa daga gidana ba ta kai a sha kofin shayi ba. Na samu wata dattijuwar malama tana jera ƙananan kwalabe a akwatin ƙanƙara.

“Hajiya, tambaya ce wani abokina ya aiko ni. Ɗansa ma'aikaci ne, yana da inshora, amma yaron bai samu gurbi a kati ba. Shin irin wannan yana da rabo a nan?”

“Abokin naka ya kawo yaro ran Talata.”

“Uban fa ma'aikaci ne.”

“Baba, mu ba ma tambayar aikin uba. Da kati, ba kati, ɗan kwamishina ko ɗan mai faci, hannu kawai muke nema.” Ta dube ni ta saman tabarau. “Ai na gane ka, kai ka yi wa maigidana facin babur ya sace kafin ya kai gida. Ka gaida abokin.”

“Tun yaushe ake haka?”

“Tun kafin in fara aiki.”

Na fito na zauna a kan dakalin asibitin na daɗe. Na auna tazarar da idona, daga nan zuwa ƙofar gidana, na tuna kuɗin adaidaitar da na biya har Yalwawa don in yi ƙarya.

Ko a nan ban miƙa wuya ba, hali zanen dutse. Na fara da dabara. Na ce wa Rabi na yi mafarki Tabawa ta ce a kai yaro asibiti. Ta ce Allah ya ji ƙanta. Na sa Malam Hudu ya yi wa Nasiru nasiha cewa neman magani ba ya karo da tawakkali, Nasiru ya shiga ya faɗa mata, ta ce ta yarda, amma ga Binta. Na ce allurar yanzu ta fi ta da, sabuwa ce daga waje. Ta ce, “Baba, ga Binta.” Duk ƙofar da na bi sai in tarar da yarinyar a tsaye, kuma ni na tsayar da ita a wurin. Ana cikin haka aka ce ƙyanda ta kwantar da yara biyu a bayan masallaci.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Nasiru yana gida, na shiga tsakar gida, abin da ba na yi sai da dalili. Rabi na tsinke zogale a tire, Abba na goye a bayanta. Ta yunƙura za ta shige ɗaki na ce ta zauna. Na sa aka kora yaran waje. Na tsugunna a ƙasa, ban karɓi tabarma ba, na faɗa musu duka: katin Safiya, fayil, kemis, audugar, har mintsinin. Ban sa wasa ko ɗaya ba, kuma ban san muryata tana da wannan kalar ba sai ranar.

Sai Rabi ta ɗaga kai ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko tun da aka kawo ta gidan nan. Na so a ce zagi ne.

“Baba, ranar har ɗanwake na yi maka.”

“Kin yi.”

“Likita ya tambaye ka.”

“Ya tambaya.”

Ta mayar da kai ga tiren, ta tsinki ganye biyu, ta tsaya.

“Shekara uku ina ɗaga fuskar 'yata ina nuna wa mata. 'Ya'yan mutane fa? Su kuma wa zai ɗauki alhakinsu, ni ko kai?”

Nasiru ya tashi ya sa takalmi ya fita, bai dawo ba sai bayan la'asar, kuma da ya dawo ta gabana ya wuce.

Asabar, Lahadi, Litinin, ana ajiye min abinci a bakin ƙofa, ba sallama. Ban san ko maganata ta yi amfani ba ko kuwa na rushe gida a banza. Ran Talata da hantsi ina wurin faci, na tsoma tayar keke a ruwa ina neman inda take sacewa, sai na hango mata uku sun fito daga lungunmu cikin hijabi, kowacce da goyo. Rabi ce a gaba, matar Malam Hudu da matar tela na biye, suna jan wasu yaran a hannu. Daga baya na ji ita ta bi su gida-gida ta ce ta yi kuskure, ba a taɓa yi wa Binta allurar ba. Ba ta faɗi sunan wanda ya jawo ba, har yau. Suka zo daidai rumfata, biyun suka rusuna suka gaishe ni. Rabi ta wuce, idonta a kan hanya. Na bi bayan kan Abba da kallo yana lilo a goye har suka sha kwanar sha-ka-tafi. Ƙyandar shekarar ta zo ta wuce, ba ta shiga gidajen nan uku ba.

Bayan ƙaramar salla Nasiru ya nemi canjin wurin aiki, aka mayar da shi Kafin Hausa. Shi ya nema, ba ita ba, ku rubuta wannan. Ranar tashi Binta ta leƙo ta tagar mota ta ce, “Tsoho, kada ka yi min kishiya kafin in dawo.” Na ce ai wa zai ɗauki ragowarki.

Yanzu shekara shida ke nan. Ɗakunan ciki a rufe suke, na bar tsintsiya a inda Rabi ta jingine ta. Abinci daga gidan tela ake kawo min, matarsa tana cewa ba ta manta alherin gidanmu ba, ni kuma in karɓa in yi shiru. Nasiru yana zuwa duk ƙarshen wata, shi kaɗai, ya zauna a zaure mu yi zancen damina da tsadar mai. Ba ya rage ni da komai. Zuwansa na watan jiya, yana ɗaura igiyar takalmi zai tafi, na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko Binta ta san abin da ya sami idonta.

“Ba ta sani ba. Kullum sai ta tambaye ka.”

“Uwarta ba ta gaya mata ba?”

“Ta ce ba ita za ta faɗa ba, Baba. Ta ce mai abin yana da baki.”

Ina da shi kam, duk Limawa ta shaida. Sai dai na gwada shi a waya sau uku, da ta ce “Tsoho” sai in ji ina tambayarta kuɗin cefane. Shi ya sa na sayi wannan littafin mai layi-layi. Binta, an ce kin shiga aji huɗu, kin wuce ni da aji biyu, za ki iya karanta wannan ba sai an taya ki ba. Ba uwarki ba ce, ba allura ba ce, ba kuma asibiti ba ne. Ni ne. In kin gama karantawa kika ga za ki iya zuwa, ƙofar zaure ba ta da sakata. In kuma ba za ki iya ba, ba ki yi laifi ba.